Kafasita Ba Ta Ganin Rabin Wuta: Martani Ga Mai Cewa Tsohuwar Dabara Ta Isa

Makalar da wani malamin sana'ar lantarki na nan Garwa ya rubuta kan tayar da maikurokwantirola ta shiga hannun ɗalibai da masu shagunan gyara da yawa, shi ya sa bai kamata a bar ta ta wuce ba amsa ba. Abin da Malam ya tsaya a kai shi ne, duk wanda zai haɗa na'ura mai aisin da ake zuba wa furogiram, ya sa rizista 10k da kafasita mai maikurofarad 10 a ƙafar riset, in ya so ya ƙara diyod ɗaya, shi ke nan. Sauran abubuwan da ake magana a kai, irin aisin sa-ido da saitin gadin wuta, a ganinsa tsirfa ce ta mutanen da kaya ke da araha a ƙasarsu. Ya kafa hujja da abu uku: dabarar ta haura shekara 40 tana aiki, kayanta suna nan a kowane shago, kuma in wuta ta yi wasa aikin sitabilaiza ne, ba na mai zanen allo ba.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, hujjarsa ta biyu gaskiya ce, kuma ba ƙaramar gaskiya ba. Zanen da sai an jira kaya daga Duwala ko Kano kafin a gyara shi, rabin zane ne. Amma ta farko da ta uku ba za su ɗauki nauyin da ya ɗora musu ba.

Aikin da'irar riset shi ne ta riƙe aisi kada ya fara karanta umarni har sai wuta ta kai matakin da zai iya aiki daidai, kuma ta sake kama shi da zarar wutar ta sauka ƙasa da wannan mataki. Ashe ke nan abin da ake so a auna shi ne ƙarfin wuta. Rizista da kafasita kuwa lokaci suke aunawa. Wuta ta shigo, kafasita ta fara cika ta cikin rizista, bayan kamar milisakan 100 ƙafar riset ta yi sama, aisi ya tashi. Ko wutar ta kai bolt 5 ko tana bolt 2 da rabi, ba ruwansu. Kamar mai dafa shinkafa ce da ta dogara da agogo: minti ashirin ya cika ta sauke tukunya, ba ta leƙa ta ga ko itacen ya kama ba. Ranar da murhu ya ci da kyau za a yaba girkinta.

Ita kanta dabarar tana da asali, kuma asalin ya zo da sharaɗi. Daga aisin 8051 ta yaɗu, wanda kamfanin Intel ya fitar a 1980, wanda har yau jikokinsa irin AT89S52 ke cikin darussan makarantun fasaha. Littafin Intel ya ba da shawarar kafasita mai maikurofarad 10 da rizista 8.2k, amma ya gindaya cewa hawan wutar daga sifili zuwa cikarta kada ya wuce kamar milisakan ɗaya, kiristal kuma ya kama cikin milisakan 10. Zanen ya yi ta yawo daga littafi zuwa allon aji, daga allon aji zuwa littafin ɗalibi, sharaɗin ya faɗi a hanya. Waɗanda suka ƙirƙiro dabarar ba su taɓa cewa ta dace da kowace irin wuta ba. Malam ne ya faɗa.

To wace irin wuta muke da ita? Jihohin arewacin Kamaru uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, sun daɗe a kan layinsu na daban wanda ba a haɗe yake da na kudu ba, kuma ƙashin bayansa madatsar Lagdo ce a kan Binuwai, wadda 'yan Sin suka kammala a 1982, mai injina huɗu da jimillar megawat 72. Shekarar da ruwa ya yi ƙaranci a tafkin, kamar yadda aka sha a 2021, sai rabon wuta unguwa-unguwa. An tallafa da injinan mai na Jambutu, sannan tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar, waɗanda aka ƙaddamar a 2023 da kimanin megawat 30 a haɗe. Ɗaukewar wuta gaba ɗaya ba ta cika cutar da aisi ba, don in ta tafi ta daɗe komai ya huce, in ta dawo da ƙarfinta kafasitar Malam za ta yi aikinta. Abin da ke cutarwa yana faruwa ne tsakanin taransifomar unguwa da soket: watan Maris da Afrilu kowa ya kunna fanka da firji da na'urar sanyaya ɗaki, mai walda na ƙarshen layi ya ɗana, injin niƙa ya tashi, ƙwan fitila ya yi ja ya dawo. Mutane na cewa an kawo rabin wuta. Makalar Malam daga farko har ƙarshe ba ta ambaci rabin wuta ba ko sau ɗaya.

A ɗauki allon da ɗalibai suka fi haɗawa: ƙaramar taransifoma mai fitar da bolt 9 daga 220, diyod huɗu, babbar kafasita, sai 7805. Idan wuta ta cika, bayan diyod ana samun wajen bolt 11, 7805 kuma yana bukatar aƙalla bolt 7 kafin ya ba da 5 tsayayye, don haka akwai sarari. Yanzu a ce layi ya sauka zuwa 160. Taransifomar za ta ba da bolt 6 da rabi, ƙololuwarsa 9 da ɗan abu, a cire abin da diyod suka ci ya rage ƙasa da 8. A ƙara nauyin rile da fitilun allo, kafasita na cika tana zubewa sau 100 a daƙiƙa, sai ƙasan igiyar ya nutse ƙarƙashin 7. Daga nan 7805 ya daina riƙe komai, abin da ya samu shi yake miƙawa, an rage. In layin ya ƙara sauka na rabin daƙiƙa saboda wani babban mota ya tashi, aisi zai ga bolt 3 da wani abu, sannan wuta ta koma 5 kamar ba abin da ya faru. A duk wannan lokaci ƙafar riset tana sama. Kafasitar Malam a cike take, ba ta da dalilin yin komai.

Zai ce ai shi ya sa ya ba da shawarar diyod. Diyod ɗin, galibi 1N4148, yana zubar da kafasita ne zuwa layin wuta idan layin ya faɗi, kuma yana da amfani in wuta ta tafi ƙasa warwas ta dawo da sauri. Amma in layi ya sauka daga 5 zuwa 3, diyod zai sauke kafasita zuwa wajen 3.6 ya tsaya. Ƙafar riset har yanzu ta fi layin da ke ciyar da aisin tsawo, kuma aisi yana auna ƙafar ne da ma'aunin wutar da yake samu. A wurinsa ba a taɓa riset ba.

Me ke faruwa a cikin aisi a wannan rabin daƙiƙa? A nan ne ya kamata a daɗe, don nan ne asarar take. ATmega328P, wanda ke kan allon Arduino Uno, takardar bayaninsa ta nuna iyakar gudunsa gwargwadon wuta: megahaz 4 a bolt 1.8, megahaz 10 a 2.7, megahaz 20 a 4.5. Uno na gudu a 16, wanda ke bukatar kimanin bolt 3.8. Ƙasa da haka kamfanin bai yi alkawarin komai ba. Kiristal na iya ci gaba da bugawa, amma umarnin da aka ɗauko daga ma'ajiya na iya zuwa a gurguje, lissafi ya kauce, furogiram ya yi tsalle zuwa inda ba a aike shi ba. Wani lokaci ya maƙale. Wani lokaci, wanda ya fi muni, ya faɗa cikin sashen da ke rubutu a EEPROM ya rubuta shirme. Wannan ba zato ba ne, takardar aisin tana da sashe guda kan lalacewar EEPROM lokacin ƙarancin wuta, kuma maganin farko da ta ba da shi ne a riƙe riset a ƙasa muddin wutar ba ta isa ba.

A kai wannan kan injin ƙyanƙyasar ƙwai, wanda matasa da dama ke haɗawa suna sayar wa masu kiwon kaji. Zafin da ake so, wajen digiri 37 da rabi, da ƙidayar kwana 21, duk a EEPROM ake ajiye su. In aisi ya maƙale alhali rilen hita na kunne, hitar ba za ta mutu ba sai wani ya lura. In lambar zafi ta canza, injin zai ci gaba da aiki lafiya lau, fitila na walƙiya, fanka na juyawa, yana bin lambar da ba wanda ya sa masa. Mai kaji ba zai san komai ba sai ranar da ya kamata ya ji kukan 'yan tsaki. Haka abin yake ga na'urar da ke kunna famfon rijiyar burtsatse ta kashe in tanki ya cika, ko wadda ke sauya gida daga layi zuwa janareta.

Akwai kuma hawan wuta a hankali, wanda shi ne ainihin sharaɗin Intel da aka yar. Janareta ba ya kaiwa ƙarfinsa nan take, sai injin ya ɗauki gudu. Faifan sola da asuba ya fi haka nawa, musamman in batirin ya mutu: wutar na iya ɗaukar mintuna tana rarrafe. Kafasitar da ke cika cikin milisakan 100 ba za ta jinkirta komai ba a nan, tafiya take kafaɗa da kafaɗa da layin, ta saki aisi tun wutar ba ta kai ko'ina ba. Har da'irar riset ta cikin aisin tana da iyaka. Takardar PIC16F877A ta nemi hawan da bai gaza bolt 0.05 a milisakan ba, wato a kai bolt 5 cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Ta ATmega328P ta fi sassauci, 0.01, wato rabin daƙiƙa. Rana ba ta fitowa cikin rabin daƙiƙa. Sannan wannan da'ira ta ciki ba ta sake ɗanawa sai wuta ta faɗi ƙasa da wajen bolt ɗaya da rabi, babbar kafasitar allo kuwa tana iya riƙe bolt 2 na daƙiƙoƙi bayan an ɗauke wuta. Duk mai gyaran da ya taɓa ce wa kwastoma ya zare, ya ɗan jira, ya mayar, wannan ciwon yake yi wa magani da baki.

Zafi ma bai bar kafasitar ba. Irin mai ruwa a ciki da ake sayarwa, wadda aka rubuta wa digiri 85, yawanci awa 2000 aka yi mata alkawari a wannan zafi, kuma ƙa'idar da masu ƙera ta ke bayarwa ita ce duk ragin digiri 10 yana ninka rayuwarta. In cikin akwatin ƙarfe da ke rataye a rana, kusa da 7805 mai zafi, ya kai digiri 65, lissafin ya ba da awa 8000, bai cika shekara ba. A garin da inuwa kanta ke haura digiri 40 a bazara, wannan ba lissafin tsoratarwa ba ne. Tana bushewa jinkirin na raguwa, ba kuma alamar da za a gani da ido. Wani abin dariya ma, wanda ya bi shawarar Malam ya sa maikurofarad 10 tsakanin riset da ƙasa a kan Uno zai tarar furogiram ya ƙi shiga ta USB, domin wannan ita ce sananniyar dabarar hana allon yin riset da kansa lokacin lodi.

Batun sitabilaiza ba ya bukatar dogon zance. Irin da ke kasuwa rile ne ke sauya masa layin taransifoma, yana ɗaukar lokaci kafin ya gane wuta ta sauka, kuma sauyin kansa ɗan yankewa ne. Ba ya ƙirƙiro wutar da babu. Kuma na'urar da aka kai gonar albasa a bakin Binuwai tana cin wutar sola ba ta san da shi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Malam ya kira gadin wuta tsirfar masu kuɗi, alhali mataki na farko ko dala ba a kashewa. ATmega328P yana da mai gadin ƙarancin wuta a cikinsa, BOD, mai matakai uku: 1.8 da 2.7 da 4.3. Sabon aisi daga kamfani yana zuwa da shi a kashe. Allon Uno na asali yana zuwa da shi a 2.7, wanda ya bar rami tsakanin 2.7 da 3.8 inda aisin ke gudun da ya fi ƙarfinsa ba mai tsayar da shi. Allunan kwaikwayo kuwa sai an karanta an gani. Da ɗan na'urar USBasp da manhajar avrdude ana karanta fiyus na uku na aisin, inda saitin BOD yake, a mayar da shi 0xFC, matakin 4.3 ke nan, aikin minti biyu. PIC16F877A yana da nasa a wajen bolt 4, da mai jinkirin tashi na kimanin milisakan 72, duka biyun a saitin furogiram ake kunna su. Wanda ba ya son matakin 4.3 yana da wata hanya: ya rage gudu zuwa megahaz 8, sai 2.7 ya wadatar. Injin ƙwai ba ya bukatar megahaz 16 don auna zafi sau ɗaya a daƙiƙa.

Gaskiya ne matakin 4.3 yana da nasa fitina. Yana iya kamawa ko'ina tsakanin 4.1 da 4.5, don haka wanda ke ciyar da allo da cajar waya mai rauni da doguwar igiya zai ga na'ura na ta sake tashi. Wasu daga nan suke kashe gadin su ce ya cika ƙorafi, kamar yadda masu ESP32 ke yawo da layin furogiram na kashe nasa duk lokacin da Wi-Fi ya ja wuta allo ya faɗi. Ƙorafin gaskiya ne. Cajar ce ba ta isa ba, ita za a canza, ko a ƙara kafasita kusa da ƙafafun wutar aisin, inda take da amfani.

Aisin sa-ido na waje yana shigowa ne inda na ciki babu, kamar dangin 8051 na da, ko inda matakinsa bai dace ba, ko inda allon ke ɗauke da wasu kayan da su ma ke bukatar riset. MAX809 ƙafa uku gare shi, yana riƙe riset har wuta ta haye matakinsa, sannan ya ƙara aƙalla milisakan 140. Harafin ƙarshen sunansa ne ke nuna matakin: L na 4.63, M na 4.38, J na 4.00, T na 3.08, S na 2.93. Ga allon 7805 na fi son M ko J, domin 7805 mai lafiya ma yana iya ba da 4.8, L kuma ya yi masa kusa da yawa. Wanda zai sa maɓallin riset ko ya yi lodi ta wannan ƙafa ya nemi MAX803 ko MCP130, waɗanda ke ja ƙasa kawai ba sa turawa sama, don kada su yi karo da na'urar lodi. Ga 8051 mai son riset ta sama akwai MAX810. Wanda hannunsa bai saba da ƙananan kaya ba, MCP130 da DS1233 da MC34064 suna zuwa da jiki irin na taransista. Ko kamfanin Espressif, wanda ya ba da shawarar rizista 10k da maikurofarad 1 a ƙafar EN ta ESP32, ya ƙara da cewa inda wuta ke hawa a hankali ko take yawan yankewa a sa aisin sa-ido. Kuɗin ɗayansu bai kai na kiret ɗin ƙwai ba.

In an ce babu su a kasuwa, ko ana tsoron jabu, to matattun akwatunan wutar kwamfuta da cajoji masu kyau da ke jibge a shagunan gyara suna ɗauke da TL431, wanda ke kamawa a bolt 2.5 daidai. Da shi da rizista biyu masu raba wuta da taransista ɗaya ana yin mai gadin da ke auna bolt na gaskiya. A haɗa shi da LM393 a samu abin da na'urar sola ta fi bukata, wato tazara mai faɗi tsakanin matakin kashewa da na kunnawa. In ba tazara, da asuba aisi zai tashi, ya ja wuta, faifan ya durƙushe, ya mutu, wuta ta sake hawa, ya sake tashi, rile na ta ƙaf-ƙaf har rana ta ɗaga. A gefen batiri mai bolt 12 ake aunawa: a kashe a wajen 11 da rabi, kada a kunna sai an haura 12 da rabi.

Makalar ta kuma yi shiru kan abin da ƙafafun aisi ke yi lokacin da yake riƙe a riset. Ba sa sama ba sa ƙasa, a sake suke, kuma taransistan da ke jan rile na iya kamawa da ɗan abin da ya tsinta. Rizista ɗaya daga gindinsa zuwa ƙasa ita ke tabbatar da hita ko famfo na kashe har furogiram ya karɓi ragama. In kwamfuresa ake sarrafawa, furogiram ya jira kamar minti 3 bayan kowane tashi kafin ya kunna ta. A kunna agogon tsaron nan da ke sake tayar da aisi in furogiram ya daina amsawa. Lambobin EEPROM a ajiye su kwafi biyu da alamar tantancewa, kuma kada a yi rubutu a daƙiƙar farko bayan tashi.

Saura hujjar shekara 40. Na yarda Malam ya haɗa alluna da yawa da ba a dawo masa da su ba. Amma rashin dawowa ba shaida ba ce. Na'ura ta maƙale, mai ita ya zare ya mayar, ta tashi, ya zagi kamfanin wuta, ya ci gaba da harkarsa. In ƙwai suka lalace a ce zakaran ne, ko a ce kayan haɗin gida dama haka suke, a je a sayo na waje, wanda in an buɗe shi sau da yawa za a tarar da ɗan aisi mai ƙafa uku zaune kusa da ƙafar riset. Laifin ba ya komowa teburin wanda ya zana allon, shi ya sa yake ganin ba laifi. ATmega328P ma yana ajiye dalilin kowane tashi a rajistar MCUSR: ko sabuwar wuta ce, ko ƙafar riset, ko ƙarancin wuta, ko agogon tsaro. Wanda ya kunna gadin ya sa furogiram ya riƙa ƙirga waɗannan na mako guda a bazara zai samu lambar da ta fi ra'ayina da na Malam.

In mako ya yi nisa, gwajin awa ɗaya ya isa, kuma ana iya yin sa a ajin Malam gaban ɗalibansa. A haɗa alluna biyu iri ɗaya a megahaz 16, kowanne na ƙirga lamba yana nunawa yana kuma ajiyewa a EEPROM. Ɗaya da rizista da kafasita da diyod, gadin ciki a kashe kamar yadda sabon aisi ke zuwa. Ɗayan da BOD a 4.3. A ciyar da su daga LM317 guda mai maɓallin juyawa, mita na kan layi. A sauke wutar a hankali zuwa bolt 2, a ɗan tsaya, a mayar 5 ba tare da an kai sifili ba, a maimaita sau hamsin, wani da sauri wani da nawa. Sannan a haura daga mafi ƙarancin wutar da LM317 ke bayarwa cikin minti ɗaya cur, sau goma. Bayan kowane zagaye a rubuta ko allo ya tashi da kansa, da lambar da ya tashi da ita. In allon Malam ya fita ba maƙalewa ba ɓataccen adadi, a buga sakamakon a wannan shafi tare da lambar aisin da saitin fiyus ɗinsa, ni ma in haɗa irinsa in gwada.